Masu barkwancin Arewa na buƙatar dandamali nasu na kansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan sana'ar barkwanci, musamman irin wanda mutum ɗaya ke tsayawa a gaban jama'a riƙe da makirufo, ya yi ta ba su dariya da fatar bakinsa kawai, babu abokin wasa, babu sauya kaya. A ganina, wannan tsayuwar ce ke buɗe wa mai sana'ar ƙofar talabijin da fim da waƙa a wuraren da ta kafu, kuma rashinta a Arewa na cikin dalilan da suka sa masu barkwancinmu ke yin suna amma ba su cika cin moriyarsa ba.

A Amurka hanyar ta daɗe da zama sananniya. Eddie Murphy ya fara ne a ƙananan gidajen barkwanci na yankin New York, aka ɗauke shi a shirin talabijin na Saturday Night Live a 1980 yana ɗan shekara 19, daga nan ya shiga fim, har a 1985 ya fitar da waƙar da ta kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Jamie Foxx ma daga dandamali ya fito, ya bi ta talabijin, ya karɓi kyautar Oscar a 2005. Trevor Noah kuwa daga Afirka ta Kudu ya taso, ya gabatar da shirin The Daily Show tun daga 2015 har zuwa 2022.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A Legas, Ali Baba ne ya mayar da barkwanci sana'ar da manyan kamfanoni ke biyan kuɗi mai tsoka a kanta, sannan taron dariya da Opa Williams ya fara shiryawa a 1995 ya zama makarantar da ta yaye matasa da dama. Ayo Makun, wanda aka fi sani da AY, ya tara masu kallo ta hanyar taronsa na shekara-shekara, don haka da ya fitar da fim ɗin 30 Days in Atlanta a 2014 mutanen da suka saba sayen tikitinsa ne suka fara cika sinimomi, fim ɗin ya kafa tarihin ciniki a lokacinsa. Basketmouth, wanda da ma da kiɗa ya fara kafin barkwanci, ya koma ya fitar da kundin waƙoƙi a 2020.

Dalilin wannan nasara a fili yake. Wanda ke tsayawa gaban mutane yana samun hukunci nan take, domin ko dai a yi dariya ko a yi shiru, kuma shirun zaure cike da jama'a yana gyara mutum fiye da kowane darakta. Maganar da ya gwada sau da yawa har ta nuna tasa ce, sunan da ke jikin fosta nasa ne, kuɗin ƙofa kuma da shi ake rabawa. Saboda haka ranar da gidan talabijin ko mai shirya fim ya neme shi, yana zuwa ne da jama'arsa a bayansa, ya yi ciniki a matsayin abokin hulɗa, ba ɗan ƙwadago ba.

Mu kuwa tamu hanyar ta bi ta wani wajen. Ba wai ba mu da asali ba ne, domin 'yan kama sun daɗe suna tsayawa a kasuwa da gidan biki suna kwaikwayon masu wa'azi da mawaƙa, suna karkatar da komai zuwa zancen tuwo da miya, ga kuma wawan sarki da ke faɗa wa fada abin da wani bai isa ya faɗa ba. Amma da zamani ya zo, barkwancinmu ya shige cikin wasan kwaikwayo ne kai tsaye. Nan Kaduna, inda aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, marigayi Usman Baba Pategi ya zama Samanja, marigayi Ƙasimu Yero ya yi tashe a Karambana, kuma har yau dattawa na maimaita maganganunsu. Daga baya Kannywood ta fito da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya haɗa wasa da waƙa har rasuwarsa a Disambar 2014. Duk gwanaye ne, sai dai tsarin da yawancin 'yan wasanmu suka tarar shi ne a biya mutum ladan aikinsa sau ɗaya, shirin ya zama na gidan talabijin ko na furodusa, masu satar fasaha kuma su kwashe ragowar. Shi ya sa ake yawan jin an buɗe asusun neman taimako idan tsufa ko ciwo ya kama wani da ya shekara talatin yana faranta wa mutane rai.

Matasan yau sun koma TikTok da YouTube, kuma ban raina wannan ba, domin ya fitar da su daga jiran furodusa. Amma bidiyon minti ɗaya ba ya koya wa mutum riƙe zaure na tsawon sa'a guda, kuma wanda rayuwarsa ta dogara ga manhajar wani kamfani ya sake zama ɗan haya.

Na san za a ce barkwancin dandamali na tafe da batsa da cin mutunci, kuma gaskiya wasu masu yin sa a Kudu sun wuce gona da iri wajen yi wa naƙasassu da wasu ƙabilu ba'a. Wannan ba abin koyi ba ne, kuma ba ma buƙatarsa, tunda muna da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zage-zagi, da na taubasai, wanda kowa ya san iyakarsa. Abin da ya fi damuna shi ne tsoron hukuma. An ɗaure Ibro a Kano a 2008, kuma a 2022 wata kotu a can ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala saboda bidiyon da suka yi wa gwamna shaguɓe. Mai barkwancin da ke tsoron taɓa masu mulki ba shi da abin yi sai ya koma kan talaka da mata.

Kaduna ta fi kowane gari a Arewa dacewa da wannan gwaji, saboda a zaure ɗaya za ka tara mai jin Hausa da mai jin Turancin buroka, ga kuma ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa. Ina kira ga masu ɗakunan taro da gidajen rediyonmu da su ware dare ɗaya a wata, da tikiti mai sauƙin kuɗi, a bar sababbin hannu su gwada minti biyar-biyar, a kuma rubuta yarjejeniya cewa duk abin da aka naɗa a wurin mallakar wanda ya faɗe shi ne.

Na gode.

Daga mai karanta jaridarku,
Unguwar Rimi, Kaduna.