A daina cewa "tsufa ne" kawai

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina son a ba ni fili in yi magana kan fargaba da zullumin da ke cin tsofaffinmu a nan Damagaram, mu kuwa sai mu ce tsufa ne, ko mu ce Baba ya rage tawakkali, alhali cuta ce kuma tana da magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba ne kan gaba.

Tsoho ba zai ce maka "ina jin tsoro" ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. Sai dai gabana na faɗuwa, ƙirjina ya yi nauyi, ban runtsa ba jiya. Akwai wata inna a unguwarmu ta Zango, tun da ɗanta ya tafi Libiya wayarta na ƙulle a bakin zane, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta bisa katanga, in ta yi ƙara hannunta har rawa yake kafin ta ɗauka, ta bar zuwa suna da biki, fura ma sai an matsa mata. Rubutu an sha, tofi an yi, Allah ya saka wa malamai, amma ba wanda ya ce a kai ta likita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙwayar barci ta masu talla a tasha da kasuwa, irin su diyazefam. Wallahi haɗari ce ga tsoho, tana sa jiri da ruɗewa, ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karya ƙugu, kuma jiki na sabawa da ita.

Don Allah a kai tsofaffin nan a auna tansiyon, wato hawan jini, da suga da zuciya, don ciwon zuciya ko na maƙoƙo ma kan zo da wannan kama. In lokotoro ya rubuta maganin fargaba a yi haƙuri, yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. A rage masu goro da shayi mai kauri bayan la'asar. Ku kuma samari 'yan fada, ko rabin awa ku ware wa tsohuwa bayan isha'i ku ji abin da ke ranta. Su majo, wato manyan ma'aikatan jinya na asibitocin unguwa, ina roƙonsu, in tsoho ya zo da ciwon jiki su riƙa tambayarsa barcinsa da abin da ke damunsa.

Naku,
wani mai karatu daga Zango, Damagaram