Zuwa ga Kawu Dillali, kan Jirgin Maraɗi da Kasuwar Maigatari

Kawu, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. A taron ƙungiyar ci gaban gari ka miƙe gaban jama'a ka ce, tunda ni ke binciken hanyoyin fatauci a jami'a, in faɗa maka ko jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai kashe kasuwar Maigatari. Ga amsata.

Ba zai kashe ta ba. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Mu kuwa raƙuma da shanun da ke cika kara ranar Alhamis daga ɓangaren Damagaram suke gangarowa, da yawansu a ƙafa. Ba Buzun da zai kora raƙuminsa har Maraɗi don ya hau jirgi.

Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne rufe iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe. Da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta sake rufewa, har ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, sai Maris ɗin 2024. Kai shaida ne, turaku ba dabbobi, fatoma na zaune yana korar ƙuda, ɗan canjin sefa ya rungume jaka. Kaya dai ba su daina shigowa ba, ɓarauniyar hanya suka koma, a kan babur, kowane shinge da rabonsa, mai saye ya biya.

Kuma me aka samu? Bazoum bai koma mulki ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da, amma na wucin gadi ne, rana ɗaya ana iya janye shi. A ganina wannan ya fi kowane jirgi haɗari, sai dai shi ba a yi masa bikin yanke kyalle.

Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai. Ku dillalai ku haɗa kai da takwarorinku na tsallake, ku rubuta asarar da kuka tafka a rufewar nan biyu, ku miƙa mata ta hannun ɗan majalisarmu. Takardar ni zan tsara muku, ba la'ada.

Ɗanka,
Malamin jami'a daga ƙasar Gumel