'Yancin ƙananan hukumomi: a bayyana yadda kowane ɗan majalisa ya jefa ƙuri'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan 'yancin ƙananan hukumomi, wanda aka yi ta murna a kansa tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Hukuncin ya yi daidai, amma bai goge ko harafi ɗaya daga kundin tsarin mulkin 1999 ba. Sashe na 162 yana nan da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma zaɓen ciyamomi da kansiloli yana hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamna ne ke naɗa shugabanninsu.

Mu da ke zaune a Abuja mun ga bambancin da idonmu, domin INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumominmu shida. A zaɓen 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku, alhali a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan kowace kujera, har ta kansila. Ban ce mu ma mun tsira ba, tun da malaman firamarenmu sun shafe watanni suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi, amma dai ciyaman a nan ya san talaka na iya kayar da shi.

Gyaran kundin yana buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36, kuma a nan ne gizo ke saƙa. A 2022 Majalisar Tarayya ta aika musu da ƙudurori 44. Waɗanda suka ba jihohi iko kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali sun wuce, marigayi Shugaba Buhari ya sa musu hannu a Maris 2023, amma na 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai samu 24 ɗin ba. Jihohi sun karɓi iko daga sama, sun ƙi sakin nasu zuwa ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, mutumin ƙauye ba shi da hanyar sanin matsayin wakilinsa, saboda sau da yawa kakaki kan tambayi masu goyon baya da masu adawa ne da baki, ya buga guduma. Ina kira ga majalisun jihohi, duk lokacin da wannan ƙuduri ya sake zuwa gabansu, su kira sunan kowane ɗan majalisa ya faɗi matsayinsa a rubuta, ku kuma 'yan jarida ku buga mana jerin sunayen, mazaɓa bayan mazaɓa.

Naka mai karatu,
daga Gwagwalada, Abuja.