Masu sayen zanen komik na asali, a daina kai shi laminetin

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da matasanmu na Kaduna da Zariya da suka fara sayen shafukan komik na jarumai irin su Spider-Man da Black Panther, da kuma na masu zanenmu na gida. Sha'awar ta yi kyau, amma da yawa ba su san abin da suke saya ba, kuma waɗanda suka dace da na ƙwarai sukan lalata shi da hannunsu.

Littafin komik da ake karantawa bugu ne, akwai dubbansa. Shafin asali kuwa guda ɗaya ne tak, wato takardar da mai zane ya zauna ya yi aiki a kanta. A Amurka, tun ƙarshen shekarun 1960, ana yinsa a kwalin Bristol, wata farar takarda mai kauri, mai faɗin inci 11 da tsawon inci 17, zanen kansa ya ci inci 10 da 15, sannan a rage girmansa wajen bugu. Galibi baƙi da fari ne, domin kala a wani wuri ake sa ta. Duk wanda ya miƙo maka shafi mai kala, daidai girman littafi, ya ce na asali ne, ka mayar masa da abinsa.

Ana gane na asali da rashin tsabtarsa. Ka karkata takardar a hasken taga. Tawadar hannu ba ta kwanciya bai ɗaya: inda aka cike baƙi da buroshi za ka ga sawunsa, wani wuri ya yi kauri yana sheƙi, wani ya yi dishi-dishi. A ƙarƙashin tawadar akwai ragowar fensir, baƙi ko shuɗi, wanda magogi bai kwashe ba. Akwai farin fenti da aka shafe kuskure da shi, yakan yi tudu har ɗan yatsa ya ji. A gefe sau da yawa akwai lambar fitowar littafin da ta shafi, da saƙon edita. Bugun inji kuwa sumul yake, kuma idan ka sa gilashin ƙara girma za ka ga layin ya farfashe zuwa ɗigo-ɗigo ko garin tawadar inji ya fantsama a gefensa. Masu ha'inci sun san wannan, sai su ɗora takarda a kan fitila su bi layin bugu da tawada ta gaske. Irin wannan layi yakan yi rawa, ba shi da saurin hannun wanda ya san inda za shi, kuma ba fensir a ƙarƙashinsa. Ka samo hoton shafin da aka buga ka gwada su layi da layi.

A lura da zamani ma. Tsofaffin shafuka suna ɗauke da maganganun jaruman rubuce da hannu. Daga shekarun 1990 rubutun ya koma kwamfuta, don haka sabon shafi ba magana a kansa, kuma wannan ba aibi ba ne. Sau da yawa mutum biyu ke yin shafi ɗaya, kuma yanzu mai zanen fensir yakan tura aikinsa ta intanet, mai tawada ya buga shi da shuɗi ya bi kai da tawada. Ka ga shafi ɗaya ya haifi na asali biyu, na fensir da na tawada. Tambayi wanne ake sayar maka, a rubuta a rasit. Wanda ya yi aikinsa kacokan a kwamfuta ba shi da na asali ko kaɗan. Abin da zai ba ka bugu ne da sa hannu, sai a biya shi kuɗin bugu.

Batun tsada da batun kyau daban suke. A watan Janairun 2022, kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da shafi ɗaya na Mike Zeck, na 1984, wanda ya nuna yadda Spider-Man ya samu baƙar rigarsa, a kan dala miliyan 3.36. Tarihin rigar aka saya. A ganina akwai shafuka masu arha da suka fi shi aikin hannu. Idan kyau kake nema, rufe maganganun ka bi akwatunan hoto da aka raba shafin da su, da ido kawai. In ka gane wa ya shigo, wa ya kai naushi, wa ya faɗi, to mai zanen ya iya ba da labari. In idonka ya tsaya yana neman akwati na gaba, shafin ya gaza komai yawan ƙwanjin da aka zuba wa jarumin. Sai ka duba hannuwa da ƙafafu, nan ne rago yake ɓuya, ya tura hannu bayan mayafi ko ya binne ƙafa cikin hayaƙi. Duba inuwa: daga gefe ɗaya hasken yake zuwa? Duba kaurin layi: na kusa ya fi na nesa kauri, in ba haka ba jarumi da ginin bayansa sai su manne.

Yanzu ga inda muka fi yin ɓarna. Mun saba kai satifiket a yi masa laminetin, sai mu ɗauka gata ne. Ga zane, kisa ne. Zafin injin da gam ɗin ledar suna kama tawada da takarda har abada, ba a iya ɓarewa, kuma babu mai tara zane da zai saye shi bayan haka. Salatif ma haka, yakan bar jan tabo mai maiƙo da ke ratsawa har baya. Kilif da fil suna tsatsa da damina.

Yanayin Kaduna yana bugun takarda ta fuska biyu. Daga Yuni zuwa Satumba laima takan sa ta kumbura, fumfuna ta fito, jajayen ɗigo su bayyana. Da hunturu kuma ta bushe ta lanƙwashe, farin fenti ya tsattsage, abin da aka manna da gam ya ɓalle. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ba hawa da sauka ba. Abin yi shi ne a sa kowane shafi a ledar Mylar, wato leda mai ƙarfi ta adana takardu, shi kaɗai, da kwali marar asid a bayansa, a kwantar da su cikin akwatin roba mai murfi, a jefa 'yan ƙunshin silika irin na kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Akwatin ya hau kan kanta, nesa da ƙasa da bangon waje, saboda gara. Ledar kasuwa mai laushi da ƙarfin wari ba ta dace ba, takan yi gumi ta ja tawada. A kuma sani cewa inci 17 ya haura santimita 43, alhali fayil ɗin A3 santimita 42 ne. In aka tura shafin da ƙarfi, bakinsa zai karye. Mai son ratayewa ya sa kwali tsakanin zane da gilashi don kada su haɗu, kuma ban da bangon da rana ke dukansa. Tawadar Indiya tana jure haske, amma ta alƙalamin maka (marker) takan koɗe ta koma ruwan ƙasa ko shunayya. Mafi sauƙi, a rataye kwafi, a adana na asali.

Ga masu zanenmu, 'yan Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello da masu koyo a gida: ku riƙe shafukanku. Jack Kirby, wanda ya ƙirƙiro Black Panther tare da Stan Lee a 1966, sai a 1987 kamfanin komik na Marvel ya mayar masa da shafi kusan 2,000 daga cikin dubban da ya zana wa kamfanin, bayan doguwar taƙaddama. Kafin ku karɓi aiki, a rubuta wa zai riƙe takardar. Ku sa suna da kwanan wata a ƙasan shafi, ku rubuta lambarsa da fensir a baya, ba da biro ba. Mai saye kuma ya sani takarda ya saya, haƙƙin mallaka yana wurin mai shi; ba shi da ikon buga zanen a riguna ya kai Kasuwar Barci.

Ina roƙon Edita ya riƙa buga shafi ɗaya na mai zanen gida lokaci-lokaci, da girman da za a ga layin sosai, tare da sunansa.

Naka,
Wani mai tara zane, Tudun Wada, Kaduna