Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Kasuwar Gajerun Fina-finai ta Clermont-Ferrand

Zuwa ga ƙungiyar Sauve qui peut le court métrage, mai shirya bikin gajerun fina-finai na garin Clermont-Ferrand a Faransa, musamman ma'aikatanta masu kula da ɓangaren kasuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san da wuya a sami mai jin Hausa a ofishinku, amma da gangan na rubuta wannan wasiƙa da harshena, don ina so abokan sana'ata na Titin Gidan Zoo a Kano su riga ku karanta ta. Wani abokina ɗan Maraɗi ya yi alkawarin juya muku ita zuwa Faransanci.

Ni edita ne. Shekara bakwai ke nan ina zaune gaban kwamfuta ina haɗa fina-finan wasu, yawancinsu masu dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako. Da na ɗan tara abin da na tara, sai na yi nawa fim mai minti 14. Wani furodusa da nake ganin girmansa ya kalla, ya yaba labarin, sannan ya ba ni shawarar in ja shi ya kai zango uku. Ban ga laifinsa ba. A wurinmu gajeren fim ko dai barkwancin waya ne, ko kuma aikin faɗakarwa da wata ƙungiyar agaji ta biya kuɗinsa. Ba wanda ke ɗaukarsa haja.

Na tura fim ɗin ta Shortfilmdepot, shafin intanet da ake tura wa bikinku fina-finai, bai kuma shiga gasarku ba. Ban yi mamaki ba, tunda dubban fina-finai ne ke zuwa muku kowace shekara daga ko'ina a duniya. Abin da ban sani ba shi ne rashin shiga gasa ba ya fitar da fim daga kasuwa: yana nan a kundinku, kuma masu saye da masu zaɓar wa wasu bukukuwa fina-finai za su iya nemo shi su kalla. Wannan tsari kaɗai ya isa a gode muku. Shi ya sa na sayar da tsohuwar kyamarata, na yi ta zaryar biza har na kusa haƙura, na kama hanya.

Daga tashar Bercy ta birnin Paris jirgin ƙasa ya yi da ni wajen awa uku da rabi. Duk abin da na sani game da garinku kafin nan shi ne can ne gidan tayar Michelin. Na sauka cikin sanyin farkon Fabrairu, wanda hunturun Kano ba ya ko kama ƙafarsa, na ga babbar majami'ar nan baƙa wuluk da aka gina da dutsen aman wuta, na kuma ga abin da ya fi ta ba ni mamaki: dogon layin mutane a ƙofar Maison de la Culture, zauren da ake nuna fina-finan bikin, tsofaffi da 'yan makaranta, suna rawar ɗari don su kalli fim na minti goma. An ce gani ya kori ji. Na sha karanta cewa shigar 'yan kallo a bikinku tana haura 150,000 cikin kwanaki kaɗan, amma sai a bakin wannan layi lissafin ya zauna mini.

Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi, ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai, ba ta nuna ƙosawa ba ko kaɗan. Ta ɗauki jadawalin ta yi mini alama da biro a kan tattaunawar da za a yi da Turanci ko da tafinta, ta kuma nuna mini wadda ta fi dacewa da sabon shiga. Ban riƙe sunanta ba, don Allah ku isar mata da godiyata.

A zauren tattaunawar nan ne na gane kaza na kwana kan dami saboda rashin sani. Saura ƙiris da na ɗora fim ɗina a YouTube kafin in taho, don in tara masu kallo in zo ina tinƙaho da adadinsu. Ashe da na yi haka da na yanka wa kaina hanya, domin bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya bazu a intanet, wasu ma sai in a wurinsu za a fara nuna shi, kuma gidan talabijin ba ya ɗokin sayen abin da kowa ke gani kyauta. Akwai tsari: bukukuwa tukuna, sannan talabijin, intanet daga ƙarshe. Na ji yadda tashoshi irin su Canal+ da Arte da France Télévisions ke da filaye na musamman na gajerun fina-finai, da yadda yawanci ake lissafin kuɗin da tsawon minti, da bambancin yarjejeniyar da ta mallaka wa mai saye shi kaɗai haƙƙin nunawa na wani lokaci da wadda ta bar ka ka sayar wa wasu. Na kuma san cewa akwai dillalai da ba su da wata sana'a sai tallata gajerun fina-finai, suna cire kasonsu kamar kowane dillali a kasuwar Kwari. Ko tsawon fim ma da dokarsa: gasar Cannes ba ta karɓar wanda ya wuce minti 15, masu ba da kyautar Oscar kuwa minti 40 ne iyakarsu.

Inda zufa ta karyo mini duk da sanyin shi ne maganar kiɗa. Akwai wani sautin sarewa na sakan arba'in a fim ɗina da na tsinta a wata tsohuwar ma'ajiya ta ofis, ban san mai shi ba. Mu a gida wa zai tambaye ka? A nan kuwa babu mai sa hannu a takarda sai ka kawo jerin duk kiɗan da ke cikin fim da shaidar izinin kowanne, haɗe da takardar amincewar 'yan wasa, da rubutaccen zancen fim ɗin mai ɗauke da lokutan kowace magana don masu fassara. Na fito daga zauren na zauna a kan matakala na rubuta abu tara da fim ɗina ba shi da su. Babu wanda ya yi mini dariya da na ɗaga hannu na yi tambayar da na tabbata ta 'yan koyo ce, kuma mai jagorantar zaman ta maimaita ta a fili don kowa ya ji amsar.

Da yamma rumfunan ƙasashe kan yi 'yar walima. Ni ba na sha, na yi zaton zan zama bare, sai na tarar ruwan lemo ma yana buɗe hira. A nan wata dattijuwa mai zaɓar wa wani biki fina-finai ta ji na ce ni Bahaushe ne, ta tambaye ni ko na san aikin Moustapha Alassane, mai shirya fina-finai ɗan Nijar. Kunya ta rufe ni. Mutumin da ya yi Aouré a 1962, ya yi fim ɗin zane na kwaɗi Bon voyage Sim a 1966, ya daɗe yana zaune a Tahoua, nan maƙwabtanmu, har ya rasu a 2015, amma sai a tsakiyar Faransa aka tuna mini da shi. Washegari na shiga kallon Regards d'Afrique, sashen da kuka ware wa fina-finan nahiyarmu, na fito tare da wani mai haɗa sauti ɗan Dakar, muka ƙarasa daren muna gardama kan ko iskar da ke kaɗawa a fim ɗina ado ce ko aibi. Shi ya yi gaskiya, aibi ce.

Wata shawara ɗaya, ba ƙorafi ba: da za a ƙara yawan zaman da ake yi musamman don waɗanda suka fito daga ƙasashen da babu asusun gwamnati na tallafa wa gajeren fim, da mun ƙaru sosai, don wasu dabarun neman kuɗin da aka bayyana sun fi dacewa da mai zaune a Turai.

Na karanta cewa ɗaliban jami'a masu ƙungiyar kallon fim ne suka fara wannan abu a 1979, kasuwar kuma ta biyo baya a 1986. Na faɗa wa yaran ofishinmu haka, mu shida, kuma tun da na dawo muke haɗuwa ranar Asabar bayan La'asar muna kallon gajeren fim ɗaya muna fede shi. Ban sayar da nawa ba tukuna. Na dai sami mai busa sarewa a Fagge, mun ɗauki sabon sauti, ya sa hannu a takarda yana ta mamakin abin da zan yi da ita. Dattijuwar nan ta ce in turo mata idan na gyara, ɗan Dakar kuma ya karɓi aikin share iskar, na biya shi rabi da kilishin da na taho da shi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
Wani edita daga Kano