Wasiƙa: Zama NP a Amurka ba ɗan kwas ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ba ni ɗan fili in gyara wata magana da nake ta ji a bakin ƙannenmu masu son aikin jinya, wai a Amurka akwai ɗan kwas da nas za ta yi kawai ta koma likita. NP suke nufi, wato nas firaktishona, kuma wallahi ba likita ba ce, karatun ma ba ɗan kwas ba ne.

Aikin ya samo asali ne a 1965 a Jami'ar Kolorado, wata nas Loretta Ford da wani likitan yara Henry Silver suka fara shi saboda ƙarancin likitoci. Ita NP tana duba mara lafiya, ta tura shi gwaji, ta rubuta magani, amma kafin a kai nan fa akwai tafiya. Sai kin yi digirin jinya na shekara 4 da suke ce wa BSN, ki ci jarabawar NCLEX, jiha ta ba ki lasisi, a nan nas kike kawai. Makarantu da yawa suna so ki fara aiki tukuna ko da shekara ɗaya ne ko biyu, ni kam a ganina wannan ya fi komai, wacce ba ta taɓa kwana a kan mara lafiya ta ga yadda numfashinsa ke canzawa cikin dare ba, me za ta rubuta masa? Daga nan sai masta, shekara 2 zuwa 3, ko DNP, wato digiri na uku a aikin jinya, da ya fi daɗewa.

To ga inda ake tafka kuskure. Tun wajen neman gurbi za ki zaɓi layinki, ko na iyali, ko yara, ko jarirai, ko mata, ko masu taɓin hankali, ko manya da tsofaffi, kuma jarabawar ƙarshe da hukumomi irin su ANCC ke shiryawa ta wannan layin ce kaɗai, in kin gama kika ce a'a wancan nake so, to makaranta za ki sake komawa. Ga awannin firaktikal aƙalla 500 a gaban wani ƙwararre, a wasu makarantun ma, ke da kanki za ki nemo mai koya mikin, ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Dokar ma jiha-jiha ce. Fiye da rabin jihohin sun yarda NP ta yi aiki ita kaɗai, amma a Tegzas dole sai da yarjejeniya da likita. Wadda ta yi karatunta a wata ƙasa kuwa, jihohi da yawa sai an tantance takardunta ta hannun hukumar tantancewa irin su CGFNS kafin ma a bar ta ta zauna NCLEX ɗin.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Wata nas mai karanta jaridarku