Tsibirin Brownsea: kange wuri daban, kiyaye shi daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata fahimta da ta yaɗu, wai idan ana so a kare namun daji, ya wadatar a kori mutane a rufe ƙofa. Tsibirin Brownsea da ke gaɓar garin Poole, a kudancin Ingila, ya nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba.

Tsibirin ya daɗe a hannun masu dukiya. A 1927 wata attajira, Mary Bonham-Christie, ta saye shi, ta sallami mafi yawan mazaunansa, ta hana farauta da kamun kifi, ta kuma sa masu gadi su riƙa korar duk wanda ya kusanto. Niyyarta ta tausayin dabbobi ce, amma gonaki sun koma kurmi, wani baƙon tsiro mai suna rododendiron ya mamaye ƙasa har ya hana sauran itatuwa tofowa, sannan gobara ta cinye babban ɓangare na tsibirin a 1934. Dole dai a yi mata adalci: sakacin nan ne ya bar ruwa ya malale wani fili da aka ƙwato daga teku tun wajen 1850, ya zama tafkin da tsuntsaye ke sauka a yau.

Da ta rasu a 1961, magada suka miƙa tsibirin ga gwamnati a madadin harajin gado. Ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi da filayen karkara a Ingila, ta karɓe shi a 1962 bayan jama'ar yankin da 'yan sikawut, waɗanda Baden-Powell, mutumin da ya kafa ƙungiyarsu, ya yi musu zangon farko a nan a 1907, sun haɗa kuɗin kula da shi. Aka buɗe shi ga kowa a 1963.

Na shiga kwale-kwalen fito daga Poole na je na gani. A bakin tafkin akwai ɗakunan katako masu siraran tagogi, inda mutum zai zauna shiru yana kallon tsuntsaye suna caccakar laka ba tare da ya firgita su ba. Ɗawisu na yawo kusa da tsohuwar majami'a, jan kurege kuma yana ɓare 'ya'yan itace a kan reshe. Wannan kuregen ya kusan ƙarewa a kudancin Ingila saboda cutar da wani kurege mai ruwan toka, wanda aka kawo daga Amurka, yake yaɗawa. Teku ce ta tsare shi a nan. Sauran aikin kuwa na hannu ne, domin 'yan sa kai sun shafe shekaru suna tumɓuke rododendiron, ƙungiyar kare namun daji ta Dorset Wildlife Trust kuma ita ke daidaita ruwan tafkin.

Saboda haka ina roƙon wakilanku, duk lokacin da suka je ɗauko rahoto daga wani gandun daji, kada su tsaya ga ƙirga dabbobi. Su tambaya su waye ke aiki a ciki kullum, wa ke biyansu, kuma wane rabo mutanen ƙauyukan da ke kewaye suke samu.

Naku,
Wani mai karatu, daga Ingila